Karatu a Bakin Teku, Alawus a Abuja: Rayuwar Ɗaliban Najeriya a Maroko

A ranar da gari ya waye tas babu hazo, wanda ya tsaya a kan tudun tsohon birnin Tanja, can a ƙuryar arewacin Maroko, yana hango duwatsun ƙasar Sifaniya da idonsa. Inda mashigin Jibraltar ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Turai, wato bai kai nisan Sakatariyar Tarayya zuwa Kubwa ba. Daga nan gaɓar Tekun Atilantika take gangarawa kudu, ta bi ta Kenitra, da Rabat, da Kasabalanka, da El Jadida, da Safi, har Agadir. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan birane yana da jami'a ko reshen jami'a, kuma a irin waɗannan azuzuwa ne yaran da Gwamnatin Tarayya ta tura karatu suke zaune, suna fama da lissafi da kimiyya a harshen da yawancinsu ba su taɓa haɗa jimla ɗaya da shi ba kafin su bar gida.

Shirin da ya kai su can shi ne yarjejeniyar musayar ilimi tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wadda ma'aikata suka fi sani da BEA, kuma Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ce ke kula da shi. Tsarinsa mai sauƙi ne a takarda. Ƙasar da ta karɓi ɗalibi, irin su Maroko, Aljeriya, Masar, Rasha, Sin da Hungari, za ta ba shi gurbin karatu kyauta tare da ɗan abin hannu. Najeriya kuma za ta ɗauki kuɗin jirgi, da inshorar lafiya, da kuɗin kayan sanyi, sai alawus ɗin wata-wata wanda shi ne ginshiƙin rayuwar ɗalibi. A da sai an rubuta jarrabawa an kuma yi ganawa ake zaɓe, don haka shirin ya daɗe yana zama ƙofar da ɗan malamin makaranta ko ɗan ƙaramin akawu ke iya bi ya ga ƙetare ba tare da an sayar da gona ba.

Saukar farko

Tafiyar kanta ba ta da tsawo. Daga Legas zuwa filin jirgin saman Muhammadu na Biyar da ke Kasabalanka bai wuce sa'o'i huɗu zuwa biyar ba, kuma a ƙarƙashin ginin filin akwai tashar jirgin ƙasa da ke shiga cikin gari, inda ake canza wani zuwa Rabat. A Rabat ne hukumar haɗin gwiwa da ƙasashen waje ta Maroko, AMCI, wadda aka kafa a 1986, ke yi wa baƙin ɗalibai rajista. A nan kuma akwai gidan kwanan ɗalibai na ƙasa da ƙasa, inda ɗan Katsina zai iya tsintar kansa a ɗaki ɗaya da ɗan Gini ko ɗan tsibirin Komoros.

Abin da ke fara gigita sabon zuwa shi ne harshe, kuma wanda ya fi shan mamaki shi ne yaron da ya taso a Islamiyya ya zo da yaƙinin yana jin Larabci. Zai shiga kanti ya yi sallama, ya jero tambayarsa da Larabcin littafi, mai kanti ya yi murmushi ya amsa masa da Darija, Larabcin titi na Maroko, wanda ke haɗiye wasula ya cuɗa kalmomin Barbarci da Faransanci da Sifaniyanci. Za a gane abin da ya faɗa, har a yaba masa, amma shi ba zai tsinci komai daga amsar ba. A ofis da banki da asibiti Faransanci ne ke aiki. A Tanja da Tetuwan tsofaffi na sako Sifaniyanci. A Agadir kuwa, harshen gida na mutane da yawa shi ne Tashelhit, ɗaya daga cikin rassan Amazik da tsarin mulkin 2011 ya mayar harshen hukuma kafaɗa da kafaɗa da Larabci.

Saboda a jami'o'in gwamnatin Maroko da Faransanci ake koyar da likitanci da injiniyanci da sauran fannonin kimiyya, ɗan Najeriya kan fara ne da shekarar koyon harshe, wadda a zahiri watanni ne ba su cika goma sha biyu ba. Takwarorinsa na Senegal da Mali da Nijar ba su buƙatar wannan, kai tsaye suke wucewa aji. A nan ne ake samun wani zumunci da babu wanda ya rubuta shi a yarjejeniya: yaron Maraɗi ko Damagaram, wanda ya yi boko da Faransanci tun firamare, shi kan zama tafintan ɗan Kano a ofishin 'yan sanda da wurin mai gidan haya, su kammala da baƙo su juyo su ci gaba da hirarsu da Hausa. Bayan shekarar harshe sai a rarraba ɗalibai zuwa birane daban-daban, kuma a nan ake gane cewa Faransancin gaisuwa da cinikin tumatir daban yake da Faransancin da malamin ilimin sinadarai ke zubawa ba tsayawa. Idan bayani ya yi zafi, malamin kan zarce da Darija don 'yan ƙasa su gane, baƙo ya riƙe biro yana jira a dawo. Maki a kan 20 ake bayarwa, 10 ce iyakar tsira, wanda ya gaza yana da damar zama na biyu, wanda ya sake gazawa ya maimaita. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya tun daga firamare, ranar da ya ga 7 a takardarsa, ba ya gaya wa kowa a gida.

Damina a lokacin sanyi

Bahaushe ya san sanyi da bushewa: hunturu, ƙura, leɓe ya tsage, wanki ya bushe kafin a gama shanya. A gaɓar Maroko lissafin a juye yake. Ruwan sama na sauka ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris, wato damina da sanyi tare suke zuwa, bazara kuma ta wuce babu ko ɗigo. Ma'aunin zafi a Rabat ba ya faɗuwa irin na Mosko, a watan Janairu da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 ne kawai, amma sanyi ne mai laima da ke tasowa daga teku ya shige bango ya zauna a cikin katifa. Yawancin gidajen da ɗalibi zai iya kamawa haya ba su da na'urar ɗumama ɗaki, dabensu kuma tayil ne, ta yadda sau da yawa cikin ɗaki ya fi waje sanyi da rana. Wando kan kwana uku a igiya bai bushe ba. Fumfuna kan hau bango da takalmi da jakar da aka ajiye a saman kabad. Mai ciwon asma ko ciwon sikila, wannan ba ƙaramar magana ba ce gare shi, kuma a nan ne kuɗin kayan sanyi da na inshora, waɗanda a takardar kasafi suke kamar ƙananan layuka, ke nuna muhimmancinsu.

Agogo ma sai an sake sabo da shi. Tun 2018 Maroko ta tsaya a kan lokaci ɗaya da na Najeriya, in ban da watan Ramadan da take mayar da agogo baya da sa'a guda. Sai dai rana ba ta bin wannan doka. A tsakiyar sanyi hantsi ba ya fitowa a Rabat sai wajen ƙarfe takwas da rabi, ɗalibi ya fita lacca cikin duhu kamar mai zuwa sallar Asuba, a watan Yuni kuma ana kiran Magariba bayan takwas da rabi na dare. Uwa a Zariya ta kira ɗanta bayan Isha'i, ya ce mata shi ko Magariba bai yi ba.

Batun ciki kuwa, burodi ne sarki. Da shi ake karyawa, da shi ake cin miyar tajin da rana, da shi ake shan romon wake da dare, ga shayin na'ana'a mai zaƙi kamar zuma. Abincin yana da ƙamshi amma babu zafin barkono, abin da ya sa kusan kowace jakar da ta taso daga gida takan zo da ƙullin yaji, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa. Idan sun ƙare, sai an je kasuwar 'yan Senegal da ke tsohon garin Kasabalanka, ko shagunan 'yan Afirka ta Yamma a unguwannin Rabat irin su Takaddum, inda kwalbar manja ke da farashin da zai sa mutum ya tuna gida sau biyu. Ɗalibai kan tuƙa tuwo da garin semolina, wanda ke da araha a can, su ce da babu gara ba daɗi. Kayan lambu da lemo da zaitun suna da sauƙi, haka ma tukunyar gas, saboda gwamnati na tallafa wa farashinta, ko da yake a watan Mayun 2024 babbar tukunyar ta tashi daga dirhami 40 zuwa 50.

Kifi shi ne kyautar da teku ke yi wa talakan ɗalibi. Wanda ya juya gwangwanin Titus a kasuwar Wuse ya duba bayansa zai ga sunan Maroko, domin ƙasar na sahun gaba a duniya wajen fitar da sadin na gwangwani, daga tashoshin ruwa irin su Safi da Agadir. Yaron da duk rayuwarsa bai san sadin ba sai a cikin mai da gwangwani, a can yake fara ganinsa ɗanye yana ƙyalli a kan ƙanƙara, a gasa masa a bakin tasha a barbaɗa gishiri. Ranar Juma'a kuma ta kuskus ce a kowane gida, wani abinci mai kama da dashishi da ake turarawa a lulluɓe da kabewa da karas da nama, kuma al'ada ce a aika wa maƙwabci ko masallaci da akushi. Ɗalibai da dama da wannan akushin suka fara sanin maƙwabtansu.

Inda baƙunta ke raguwa

Idan akwai wurin da ɗan Arewa ke jin ya dawo gida, masallaci ne. Maroko ƙasar Malikiyya ce, da ruwayar Warshu ake karatu, kuma Alƙur'anin da zai ɗauko a kan kanta da rubutun Magariba aka buga shi, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai da yadda malam ya rubuta masa a allo. Bayan Asuba da Magariba jama'a kan zauna su karanta hizbi baki ɗaya da murya guda. Wanda bai iya cinikin albasa da Darija ba yana iya zama cikin wannan da'ira ya bi karatun ba tare da tuntuɓe ba, kuma tsofaffin unguwa na lura da irin wannan. Kiristocin cikin ɗaliban su ma suna da wurin zuwa, domin majami'un Rabat da Kasabalanka, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka bari, yau 'yan Afirka ta Kudu da Sahara ne suka cika su.

Azumi na zuwa da miyar harira, da dabino, da soyayyen cabbakiya mai zuma, tituna su yi tsit a lokacin buɗa-baki sannan su cika maƙil har tsakar dare. Sallah ce mai wuya. Maroko na dogara da ganin watanta, don haka sau da yawa ɗalibi na ɗauke da azumi yana kallon hotunan 'yan gidansu cikin sababbin kaya a waya. A 2025 ma ko ƙamshin suyar layya bai samu sosai ba, saboda Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da yanka a wannan shekara, sakamakon farin da ya rage dabbobin ƙasar.

Sai kuma teku. Ga wanda babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga ko kogin Kaduna, tsayawa a ƙarƙashin ganuwar Udaya, inda kogin Bu Ragrag ke raba Rabat da Sale ya faɗa cikin Atilantika, abu ne da ba ya mantuwa. Ruwan ba shi da ɗaya gaɓar da ido zai kama, kuma rurinsa ba ya tsayawa dare da rana. Yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, saboda igiyar ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa ta bi gefen ƙasar, kuma yana da ja ta ƙasa wanda kan kwashe ƙafar mutum a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba. Tsofaffin ɗalibai kan gargaɗi sababbi da su kula da jar tuta, su kuma tuna cewa iyon kududdufi ba ya aiki a nan. Duk da haka bakin teku shi ne wurin shaƙatawa ɗaya da ba a biyan ko sisi. Can ake buga ƙwallo da yamma, can ake bitar darasi, can kuma wanda abin duniya ya dama yake zuwa ya zauna shi kaɗai.

Yawon buɗe ido da kuɗin ɗalibi

Maroko ƙasa ce mai sauƙin zagayawa, kuma wannan na cikin abin da ke canza tunanin yaran. A watan Nuwamban 2018 aka buɗe Al Buraƙ, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na farko a Afirka, wanda ke kaiwa kilomita 320 a sa'a, ya haɗa Tanja da Kasabalanka cikin sa'o'i biyu da 'yan mintuna. Rabat na da jirgin cikin gari tun 2011. Ƙananan tasi kowane birni da launinsa, shuɗi a Rabat, ja a Kasabalanka, ruwan lemo a Agadir, manyan kuma su ɗauki mutum shida zuwa garuruwan kusa. A Kasabalanka akwai masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993, wanda wani sashensa ke kan ruwa, hasumiyarsa kuma ta haura mita 200. A Rabat akwai hasumiyar Hassan da Sarki Yaƙubu al-Mansur ya fara, ya rasu a 1199 bai gama ba, har yau tana nan a yadda ya bar ta. Ɗalibin injiniya da ya hau waɗannan jirage ya ga suna tashi a kan lokaci, tambayoyin da zai dawo da su gida ba irin na wanda ya karanta labarin a littafi ba ne.

Tafiyar da ta fi kowace nauyi ga yawancin 'yan Arewa ita ce ta barin gaɓa a shiga cikin ƙasa zuwa Fas, kimanin sa'o'i uku a jirgi daga Rabat. Can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, kuma da wuya ɗalibi ya je hutu gida wata gwaggo ko wani kawu bai tambaye shi ko ya kai ziyara ba. Can kuma Ƙarawiyyin take, wadda Fatima al-Fihri ta assasa a 859. A majemar Shuwara, ramukan jima da rini da ke jere suna tuna wa Bakano karofin Ƙofar Mata, kuma kamar ba banza ba: fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta isa kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko.

Wannan hanya ba fata kawai ta ɗauka ba, ta ɗauki mutane ma, kuma ba da son ransu ba. A Essawira, garin iska da ke kudu da Safi, ana bikin kiɗan Ginawa tun 1998, kiɗan zuriyar bayin da aka kawo daga ƙasashen baƙar fata, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2019. Ana kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku, ana buga ƙarafa masu kama da sambani, kuma masu bincike sun daɗe suna nuna ragowar kalmomin Bambara da na Hausa a cikin waƙoƙin, da kuma kamar da ke tsakanin zaman daren Ginawa da bori. Bahaushen da ya kasa kunne yakan ji wata kalma ta gifta kamar ya san ta.

Tarihin nan yana da inuwarsa a titi. Baƙar fata a Maroko kan ji yara sun jefe shi da kalmar "azzi", wadda ba ta yabo ba ce, kuma akwai masu gidajen da ke janye tayin haya da zarar sun ga mai nema. Kasancewar ƙasar mashiga ce ta masu neman tsallakawa Turai ya ƙara dagula lamarin. A ranar 24 ga Yunin 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Melilla, ɗaya daga cikin garuruwa biyu da Sifaniya ke riƙe da su a gaɓar Maroko. A biranen arewa, inda jami'an tsaro kan yi samame, fuska ba ta bambanta ɗalibin likita da mai jiran kwalekwale. Katin izinin zama ne kaɗai ke bambantawa.

Katin nan duk shekara ake sabunta shi a ofishin 'yan sanda, kuma sai an kai shaidar rajistar makaranta, da shaidar abin dogaro, da takardar da ke nuna inda mutum yake zaune. A nan zaren ya haɗu da Abuja. Bayan shekarar harshe akasarin ɗalibai haya suke kamawa, uku ko huɗu a gida ɗaya. Idan alawus ya makara haya ta taru, idan haya ta taru mai gida ya ƙi sa hannu ko ya ba da notis, idan babu takardar gida kati ya tsaya. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan wani teburi a babban birnin tarayya yana iya mayar da halastaccen ɗalibi mutumin da ke tsoron haɗuwa da ɗan sanda.

Lissafin da ya ƙi fita

A watan Yulin 2024, bayan ɗaliban sun shafe watanni suna kokawa kan rashin biya, Hukumar Tallafin Karatu ta sanar da rage alawus ɗin wata daga dala 500 zuwa 220, ragin kashi 56 cikin ɗari, tana mai dogara da halin da canjin kuɗi ya shiga. Duk wanda ya taɓa shirya kasafi zai gane inda gizo ke saƙar. Kafin a saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala na wajen naira 460 a hukumance, wato dala 500 ta kama naira dubu 230. Da dala ta kai 1,500, wannan alawus ya koma naira dubu 750. Ko bayan ragin, dala 220 ta kama naira dubu 330. Ma'ana gwamnati na fitar da naira fiye da da, ɗalibi kuma na karɓar abin da bai kai rabin na da ba. Shi mai gidan haya a Rabat da dirhami yake karɓa, kuma a lokacin dirhami kusan goma ne a dala, babu ruwansa da abin da ya sami naira.

Giɓin dala 280 da aka bari a kowane wata ya kai naira dubu 420. A wannan watan na Yuli ne aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Uban da ke kan wannan mataki sai ya haɗa albashin wata shida cur kafin ya cike wa ɗansa giɓin wata guda. Ko mataimakin darakta sai ya yi tagumi.

Katin ɗalibi ba izinin aiki ba ne, don haka abin da ya rage shi ne 'yan dabaru a gefe. Wasu na koyar da Turanci a gidaje da ƙananan cibiyoyi, kasuwar da ta buɗe tun da Maroko ta fara faɗaɗa koyar da Ingilishi a makarantunta. Wasu na kwana a cibiyoyin amsa waya na kamfanoni su wayi gari a aji suna gyangyaɗi. 'Yan mata na kitso. Ana haɗa tukunya, ana cin bashi a kantin unguwa inda mai shago ke rubutawa a ɗan littafi, wanda iyayensa ke da hali ya riƙe wanda ba su da shi. Kowace sa'a da aka ba wa waɗannan, daga lokacin karatu aka cire ta, a tsarin da maki 9 ke nufin faɗuwa. Masu karatun likita kuma sun sha wata ta daban: yajin da ɗaliban likitancin Maroko suka shiga daga Disamban 2023 zuwa Nuwamban 2024, kan rage shekarun karatu daga bakwai zuwa shida, ya tsayar da azuzuwa kusan shekara guda, baƙi na zaune suna biyan haya a rikicin da ba nasu ba.

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da kawo ƙarshen shirin. Ya ce an kawo masa buƙatar naira miliyan 650 domin ɗalibai 60 masu tafiya Maroko ya ƙi amincewa, ya kuma ce ba daidai ba ne a kashe naira biliyan 9 kan ɗalibai kimanin 1,200 alhali miliyoyi na gida ba su samun komai, musamman a kan kwasa-kwasan da jami'o'in Najeriya ke koyarwa. Ya yi alƙawarin cewa waɗanda ke can za a ci gaba da ɗaukar nauyinsu har su gama.

Hujjar ministan tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga yadda ɗalibai ke cunkushe a ɗakunan kwanan jami'o'in gida ba zai yi saurin watsar da ita ba. Sai dai akwai abin da lissafin kai-da-kai ba ya nunawa. Najeriya na kewaye da Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, dukkansu masu aiki da Faransanci. Tun ziyarar da Sarkin Maroko ya kawo Abuja a Disamban 2016 ake maganar shimfiɗa bututun gas da zai bi gaɓar Afirka ta Yamma har Maroko, kuma sinadarin fosfet na kamfanin OCP na cikin takin da manoman ƙasar nan ke zubawa a gona. Injiniya ko likitan da ya iya Turanci da Faransanci da Darija, ya kuma san yadda ofisoshin Rabat ke aiki, ba a kowace jami'ar gida ake yaye irinsa ba. Ko za a ci gaba da neman irin waɗannan mutane ta wata hanya, magana ce ta masu tsara manufa.

Batun waɗanda aka riga aka tura kuwa ba manufa ba ce, bashi ne, domin da takardar gwamnati a hannu suka hau jirgi. Ɗalibin da ya sauka a Kasabalanka a ƙarshen 2023 don karatun likita, idan ya yi shekarar harshe ya kuma wuce kowane aji ba tare da maimaitawa ba, sai wajen 2030 zai karɓi takardarsa. Tsakanin sanarwar Afrilun 2025 da wannan lokaci akwai kasafin kuɗi biyar da za a rubuta, a kare a gaban majalisa, a kuma saki kuɗinsu, ga babban zaɓen 2027 a tsakiya.